Mai jar riga a bakin tasha

Talata, Landan.

Na tashi daga aikin dare ƙarfe takwas, idanuna kamar an watsa musu barkono. Sanyin Nuwamba a garin nan ba irin hunturun Zariya ba ne da mutum zai ja bargo ya jira hantsi. Wannan da yayyafi yake tafe, ya ratsa riga ya kai ƙashi. A bakin tashar jirgin ƙasa na iske mutumin nan mai jar riga da na fi wata shida ina wuce shi kullum, katin shaida a wuya, mujallunsa na The Big Issue, wadda marasa matsuguni ke sayarwa, cikin leda don kada su jiƙe. Jiya albashi ya shigo, sai zuciyata ta ce yau a yi abin kirki. Na zaro fam biyar na danƙa masa na juya, kamar yadda nake yi wa almajirai a ƙofar masallacin Juma'a a gida.

Ban yi taku uku ba ya kira ni. Ya miƙo mujalla, wai in karɓi kayana. Na ce ya riƙe ya sayar wa wani, riba biyu ke nan. Ya girgiza kai, ba da fushi ba, ya ce shi sana'a yake yi, kuma duk wanda ya biya kuɗi ya bar kaya ya mai da shi mabaraci. Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na karɓa, na kuma rasa yadda zan tafi, sai na tsaya muka taɓa hira.

Ashe kowane kwafi da kuɗinsa yake sarowa, a kan rabin farashin da ke jikin bango, abin da ya hau shi ne nasa. In kaya sun yi kwantai, asararsa ce. Wurin tsayuwar ma ba shi aka yi, ba ya shiga na wani, wani ba ya shiga nasa. Ya nuna min 'yar na'urar karɓar kuɗi ta kati, tunda mutanen Landan sun daina yawo da tsaba. Ya ce lokacin da yake kwana a ƙofar shaguna, sanyi bai dame shi ba kamar a yini dubban mutane na wucewa babu mai haɗa ido da shi. Yanzu akwai wata tsohuwa da ke tsayawa duk Litinin ta ba shi labarin ciwon gwiwarta.

Abin da ya fi tsaya min a rai maganar asibiti ce. Wani ƙaramin asibitin unguwa ya taɓa ƙin yi masa rajista don ba shi da adireshi. Daga baya ne ya gane ƙa'idar hukumar lafiya ta Ingila ba ta ce sai da adireshi ba, ya koma ya tsaya kai da fata har suka rubuta shi. Ni da nake aikin kula da tsofaffi shekara uku ban san wannan ba. Shi ne kuma ya gaya min dokar 1824, wadda aka yi bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, da ta mai da bara da kwana a titi laifi a Ingila da Wales. Majalisa ta amince a soke ta a 2022, aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa.

A cikin bas na buɗe mujallar, barci na fizgata. The Big Issue, duk mako take fitowa. John Bird da Gordon Roddick suka kafa ta a 1991, bayan Roddick ya ga irinta a New York mai suna Street News. Bird ɗin da kansa ya kwana a titi, ya sha ɗauri yana matashi, ga shi tun 2015 yana zaune a majalisar dattawan Birtaniya. Galibin rubutun na ƙwararrun 'yan jarida ne, da hira da mawaƙa da 'yan fim don ta sayu. Shafin da mai sayarwa ke ba da labarinsa da bakinsa shi na fara karantawa, kuma a ganina ya yi kaɗan. Masu tsayuwa cikin ruwan sama sun cancanci fili fiye da haka.

Bayan la'asar na kira Inna. Da na ba ta labari sai ta yi salati, ta ce, “Turawa ma suna kwana a waje?” Na ce ƙwarai kuwa, Inna. Ta yi shiru, can ta ce ai mutumin ya fi ni gaskiya, ita ma in 'yar talla ta shigo da gyaɗa saye take yi ko ba ta so, don yarinyar ta koma gida da ciniki. Sannan ta tambaye ni sunansa. Na yi ta 'yan kame-kame, ta ce, “Wata shida kana wuce bawan Allah?”

Mujallar na nan kan tebur, kofin shayi ya bar mata zobe a bango. Na saita ƙararrawa ƙarfe shida, da takwas zan koma aiki.