Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Fim Ya Tsinke a Hannuna

A makon jiya na tsaya inda Kawu ya fara yarda in fita aikin ɗaukar hoto ni kaɗai. Shekarar 1994 ce, ba da jimawa ba da karya darajar sefa, duk kayan da ake shigowa da su daga waje sun ninka kuɗi. Fim mai hoto 36 ya zama abin da Kawu ke ƙirgawa da dare kamar kuɗin adashi.

Kyamararsa Pentax K1000 ce, 'yar Japan, ƙarfe zalla mai nauyi. Idan fim ya ƙare, akwai ɗan maɓalli a gindinta. Sai ka danna shi ya saki haƙoran da ke jan fim, sannan ka ɗaga ɗan hannun da ke sama ta hagu ka naɗe fim ɗin ya koma gwangwaninsa. Sau ɗari Kawu ya nanata mini wannan.

Ranar wata Asabar na ɗauki hotunan suna a unguwar Yelwa, nan Garwa. Fim ya ƙare, na danna maɓalli, ya ƙi shiga. Na sa farce, ya ɗan motsa, na ce ai shi ke nan. Na fara juyawa na ji tauri, maimakon in dakata sai na ƙara ƙarfi. Ƙaras! Hannun ya saki yana juyawa fayau, babu komai a bayansa. Gumi ya karyo mini, ga mai jego tana ta cewa a zo a ɗauke ta da kakar jariri.

Kawu bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. "Ka buɗe bayanta?" Na ce a'a. "To, da sauran hankalinka." Ya shiga ɗakin wankin hoto ya kashe fitila, ya zare fim ɗin da lalube ya zuba a baƙin gwangwani. Hoto uku muka rasa.

Washegari ya aike ni wurin wani tsoho mai gyaran agogo a babbar kasuwa. Malam ya kwance 'yan kusoshin gindi, ya jera su a murfin gwangwanin madara, ya nuna mini da bakin tsinke: tsohon giris ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare kamar ƙanzo, ya riƙe maɓallin. Ya tsoma tsinke a man laita yana ɗigawa yana kankarewa, har maɓallin ya fara shiga yana ba da ɗan sauti, ya kuma fito da kansa da zarar an ja hannun tura fim. Man agogo ɗigo ɗaya tak ya sa. Na ce, "Baba, a ƙara mana." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗan nan, miya ake yi?"

Da ya koma kan hannun naɗewa, sai ya soka sukudireba a tsakanin yatsun ƙarfen da ke kama gwangwanin fim daga ciki, ya murɗa na saman ta hagu, ya kwance. Ni kuma, uban 'yan taimako, na ga marfin baya a buɗe ƙura na shiga, na rufe shi. Ashe da wannan ƙarfen ake jan sakatar marfin, ga shi ya zurma ciki. Malam ya yi salati mai tsawo. Ya lanƙwasa waya ya zura ta ramin, ya yi ta lalube wajen minti goma kafin sakatar ta ɗago.

Kuɗin gyara Kawu ya cire daga ladana na wata biyu. Yadda na je na fuskanci kakar jaririn nan da hotonta babu kai, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.