Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Lokacin da darena ya koma rana

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda maigidana ya yaye ni na kama nawa shagon a Fagge, da keken ɗinki biyu da injin aiki ɗaya wanda bashinsa na ciyo. Yau zan ɗan yi tsalle in kawo ku 2024, don a shekarar akwai abin da ya same ni wanda ba ciwo ba ne da za a ce a ɗauke ka a kai asibiti, amma ya kusa watsa min shago, gida ma sai da ya girgiza. Maganar bacci ce.

Asalin abin daga kuɗin mai ya faro. Tun da aka cire tallafi a ƙarshen watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, tada janareta ya zama sai ta kama dole, in ka kunna shi wuni guda to ribar kaftani uku ta tafi a hayaƙi. Wuta kuma a layinmu sai dare ya raba ake kawowa, wani lokaci 12 wani lokaci 1, kafin gari ya waye an ɗauke. Shi injin aiki ba ya jin lallami, in ba wuta ba zai zana maka wuyan riga ba. Sai muka koma zaman jiran wuta, da rana a yanka a harhaɗa, da dare a yi aiki.

Ana cikin haka azumi ya shigo a watan Maris, ga zafin Kano na wannan lokacin wanda ko fanka ta samu wuta iska mai zafi take kaɗo maka. Duk wanda ya san tela ya san azumi ba shi da dare. Ana idar da tarawihi za mu dawo shago, yaro ya je wajen mai shayi ya haɗo mana mai kauri da nescafe a ciki, ni kuma ga goro a aljihu ina ɓantara, keke na kuka har sahur. A shagon muke sahur, mu yi asuba a masallacin layi, sannan kowa ya nemi inda zai miƙe, wani kan tebirin yanka wani ƙarƙashinsa a kan ƙyallaye. Ba a tashi sai an kira azahar. Goman ƙarshe kam ba a magana, masu kaya sun tsaya maka a ka, wani ma a shagon zai kwana wai sai ya ga an saka masa maɓalli.

Aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, kowa ya saka sabon kaya, yaran shago suka tafi garuruwansu suka dawo sun warware, cikin ɗan lokaci sun koma baccinsu na mutane. Ni ne nawa ya ƙi dawowa. In kwanta 10 na dare idona ƙyar, in juya nan in juya can, in ji agogon masallaci, in ji karnuka, in ji mai gadin layi yana busa usur, bacci ba zai zo ba sai wajen 3. Ina fara jin daɗinsa ladan zai kira. In tashi in yi sallah ido a rufe, in dawo in faɗa katifa, sai 11 ko 12 uwargida ta tashe ni da kyar.

Kuma tashin ma ba tashi ba ne. Kai ya yi nauyi, baki ba ɗanɗano, idanu sun yi ja sun kumbura, in aka yi min magana sai ta ɗan jima kafin ta iso. Na sha zama a gaban keke da zare a hannu ina neman kafar allura, in lasa bakin zaren in murza in kai, ya wuce ta gefe, in sake, ya sake wucewa, abin da da ko ban kalla ba nake yi. Tef kuwa sai in auna kafaɗar mutum in ɗago kai zan rubuta a littafi lambar ta gudu, 18 ne ko 19, sai in ce Alhaji ɗan juyo in ƙara dubawa. Sai la'asar ta yi sannan in ji na zama mutum, magariba na yi kuma in ji wani ƙarfi ya zo min na banza wanda ba inda zan kai shi.

A gida kuwa uwargida ta gaji, kuma tana da gaskiyarta. Yara su tafi makaranta ban gan su ba, kuɗin cefane sai ta tsaya tana taɓa ƙafata ina amsawa cikin magagi, wani lokaci in ce ɗauki a aljihun riga alhali rigar tana shago. Rannan ta ce, "Abbansu, wai mu haya muke zaune da kai ne? Koko ya huce, ƙosai ya sandare, kullum sai dai in ba almajiri." Da Hajiyarmu ta ji labari ita nata fassarar daban, ta kira ni ta ce, "Kai ɗan nan, baccin hantsi ba ya kawo arziki, ka manta Manzon Allah (SAW) addu'ar albarka ya yi wa al'ummarsa a sammakonsu?" Na ce Hajiya ban manta ba, jikin ne ya ƙi. Ta haɗo ni da tofi a gora, na karɓa na sha.

Masu shawara kam ba su ƙaranta ba. Wani maƙocin shago ya ce in je kemis in karɓi ƙwayar bacci D5 in haɗiya ɗaya, kafin in kai kai filo na tafi. Wannan ko kusa ban yi ba, na ga yaran unguwa da suka fara da guda ɗaya ɗin, na san inda suka ƙare. Wani ya ce madara mai ɗumi, wani ya ce wanka da dare, duk na yi, ba laifi amma ba su taɓa komai ba. Abin da na fi yi shi ne in na ga baccin ya ƙi sai in jawo waya, ga datar dare mai arha, daga Facebook in faɗa TikTok ina kallon masu ɗinkin Senegal da masu faɗan siyasa, kafin in ankara 2 ta wuce.

Wanda Allah Ya sa ya zama sanadi wani kwastomana ne ma'aikacin jinya, mu dai Dakta muke ce masa, ya hana ya gaji ya bari. Ya zo karɓar kaftaninsa wajen 12 na rana ya tarar yanzu nake buɗe ido a kan benci. Ya ce, "Malam tela lafiya? Ka fi ni kama da wanda ya kwana a bakin aiki." Na zayyana masa komai. Sai da ya fara da tambayoyi, ina minshari mai ƙarfi har numfashi ya dinga ɗaukewa? Ina yawan tashi fitsari? Zazzaɓi fa? Akwai abin da ke damuna a rai? Ya ce in da akwai ɗaya daga ciki to asibiti zai tura ni, don wani nauyin jikin na safe ba na bacci ba ne, ciwo ne yake ɓuya a bayansa. Na ce babu, bashin inji ne kawai, shi kuma kowa da nasa.

Sai ya jawo kujera ya zauna. Ya ce a cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai agogo da ke zagayawa kusan awa 24, shi ke faɗa wa jiki yanzu dare ne yanzu rana ce, in duhu ya yi ya sa a saki wani sinadari melatonin da ke shirya jiki ya kwanta, in haske ya shiga ido ya tsayar da shi. Ya ce ba tatsuniya ba ce, a 2017 wasu Amurkawa uku sun ci kyautar Nobel a kan gano yadda agogon nan ke aiki, kuma a jikin ɗan ƙaramin ƙuda suka yi binciken. Ni kuma wata guda cur ina zaune ƙarƙashin farin ƙwai har asuba, rana na fitowa ina rufe ido, to agogon ya ɗauka haka duniya ta koma, ya matsa gaba. Nan take na gane, don mu ma in taimin ɗin keke ya goce allura da shatil mai ɗauke da zaren ƙasa ba sa haɗuwa a kan lokaci, sai ya dinga tsallaken ɗinki, ko ka canza allura ka canza zare ba zai daina ba sai an kwance an saita.

Abin da ya ce wanda ya tsaya min shi ne wai in daina kokawa da dare. Ba wanda ya isa ya tilasta wa kansa bacci, amma tashi yana hannunka. Daga safiya ake gyarawa, daren zai biyo baya da kansa. Kuma kar in ce gobe-gobe zan koma tashin asuba in zarce, agogon ba ya matsawa da yawa a rana ɗaya, abin da bai wuce awa guda ba ne. In na saba tashi 11, in koma 10 da rabi, in ya zauna in koma 10, a haka a haka. Sharaɗin kawai kullum ne, har Juma'a har Lahadi, ko da daren ban samu baccin kirki ba. Ina tashi kuma in fita waje rana ta dake ni ko na minti 20 ne, don hasken waje ko da hadari ya ninka na ƙwan ɗaki nesa ba kusa ba.

Da ya zo kan shayi sai da muka yi ƴar jayayya. Ya ce sinadarin da ke cikin kofi da shayi mai hana bacci, bayan awa 5 zuwa 6 kusan rabinsa yana nan a jini, wanda ka sha da magariba yana nan yana aiki tsakar dare. Na ce Dakta ai na rage nescafe. Ya nuna haƙorana ya ce goron fa? Wallahi ban taɓa kawo goro a lissafi ba, abin da kakanninmu ke ci. Ya ce shi ma sinadarin ne a ciki, ka ci abinka da safe, azahar na wucewa ka rufe aljihu.

Shi kuma nauyin kan na safe ya ce kowa na yinsa, ƙwaƙwalwa ba ta farkawa gaba ɗaya lokaci guda, yawanci minti 15 zuwa 30 ya sake ka. Nawa ya yi tsawo ne don ina tashi a lokacin da jikina ke ganin tsakar dare ne, ga bashin bacci, babba na buƙatar aƙalla awa 7. Ya ce kuma wannan ɗabi'ar ta a tashe ka ka ce a ƙara min minti biyar, ƙara dagula abin take yi.

Satin farko na sha wuya, ba zan ɓoye muku ba. Uwargida na ba aikin tashina, ita kuwa ta karɓa hannu bibbiyu har da ɗan ramuwa a ciki, labule take yayewa gaba ɗaya ta kashe fanka ta tsaya a kaina. In fito tsakar gida in wanke fuska da ruwan randa, in ɗauki kofin koko in fita ƙofar gida in zauna kan dakali ina lumshe ido a rana, masu wucewa na ta sannu Malam ko jikin ne. Daga baya na ga zaman ba ya isata sai na fara sauka daga adaidaita tun kafin a iso, in ƙarasa shago a ƙafa. Almakashi kuwa na haramta wa kaina shi sai na yi awa guda da tashi, shaddar mutane ba abin wasa ba ce, in fara da guga ko cire zare.

Wayar ita ce ta fi ba ni wahala fiye da goro. Dabarar da ta yi aiki ba wata babba ba ce, a shago nake barinta wajen mai caji in an yi isha'i, in taho da ƙaramar rakani-kashi saboda kira. Daren da baccin ya ƙi zuwa, Dakta ya ce kar in kwanta ina juyi ina lissafin awa nawa ya rage, in tashi in zauna a duhu-duhu in yi lazimi ko wani abu marar hayaniya, in na ji ido ya fara nauyi in koma. Hirar bayan isha'i a majalisa ma na rage ta, dama malamai sun sha faɗa mana Annabi (SAW) ba ya son bacci kafin isha'i da hira bayanta, muna ji muna gyaɗa kai muna komawa kan benci. Ranar da ake Champions League ne kawai nake ɗan saɓawa, wannan kam sai a hankali.

Abin mamaki ban san ranar da daren ya gyaru ba. Ni dai na ga ina ta jawo tashi baya, 9, 8 da rabi, 8, sai na fara jin hamma tun 11, daga baya tun 10 da ƴan mintuna. Da tazarar da ke tsakanin asuba da tashina ta zama ƴar kaɗan sai na ga komawar ma ba ta da amfani, in an idar in zauna a masallaci har gari ya yi haske, in dawo in raka yara bakin titi. Abin da ya riƙe ni shi ne ƙailula, bayan azahar in ja ƙofar shago in miƙe minti 20 zuwa 30, yaro ya tashe ni. In ta wuce haka ko ta kai bayan la'asar to daren ranar sai na biya.

Saura matsalar da ta haifar da komai, wato wuta, don ita ba ta san ina gyaran bacci ba, tsakar daren dai take zuwa. Na koma yin duk abin da keken ƙafa zai iya da rana, aikin inji kuma na tara shi zuwa dare biyu a sati, muna karɓa-karɓa da babban yaron shagona, wanda ya kwana ba ya fitowa da safe. Ban ce tsari ne mai kyau ba, shi ma yaron jiki gare shi. Da Babbar Sallah ta matso a watan Yuni na yanke adadin kayan da zan karɓa, littafi na cika na rufe, wani Alhaji da ya shekara yana kawo min ɗinki ya zo da shadda kala huɗu saura kwana kaɗan na ce masa Alhaji ka yi haƙuri biyu zan iya. Ya kalle ni ya ce tela ne ke mayar da aiki? Ya kwashe duka huɗun ya tafi layin baya.

Wannan fushin na Alhaji shi ya sa na shiga adashin ƴan layinmu da niyyar in haɗa sola ko ƙarama ce, kuma a nan ne na haɗu da rigimar da ta fi ta bacci, don uwar adashin namu namiji ne kuma ana saura mutum biyu a zo kaina ya ce zai je Legas sayo zare. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.