Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Ake Yi wa Yaya Wankin Ƙoda

Makon jiya na ce yau zan shiga labarin komawata koyarwa, amma ku yi mini haƙuri. Tunda na ambaci kumburin ƙafar Yaya, maganar Baffa ta dawo ta tokare mini ƙirji, kuma in ban sauke ta ba babu abin da zai rubutu. "Ba a sayar da gona a sayi kwana." Haka ya faɗa, a gaban Inna.

Yaya ya daɗe da hawan jini, sai dai a wajenmu wanda yake iya ɗaukar fartanya ba a kiransa marar lafiya. In bayansa ya riƙe bayan ban ruwa, ya aika yaro kemis a haɗo masa ƙwayoyin ciwon jiki, ya kora da jiƙo. Shekaru yana haka. Daga baya likita ya gaya mana hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu kashe ƙoda, su kuma waɗannan ƙwayoyin in an mai da su abincin kullum suna ƙarasa aikin. Lokacin da muka kai shi birni, a 2024, fuska tana kumbura da safe, ga shaƙuwa ba ta tsayawa, ga amai, fitsari kuwa sai ɗan kaɗan. Inna ta ce sammu ne. Har yau ba ta sauka daga kan wannan ba, ni ma na daina musu da ita.

Likitan ya zaunar da ni ya ce ciwon iri biyu ne. Akwai ƙodar da ke tsayawa farat ɗaya, kamar ta macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, ko mai amai da gudawa, ko wanda maciji ya sara. Wannan in an yi wanki na ɗan lokaci sau da yawa takan farfaɗo. Akwai kuma wadda ta lalace a hankali har ta ƙanƙance, ita ba ta dawowa. Ta Yaya ta biyun ce. Ya ce, "Malam, ka fahimce ni da kyau, na'urar nan ba ta warkarwa, aikin ƙodar kawai take karɓa."

Wanda bai gani ba, ga yadda abin yake. Ana sa wa mutum roba a babbar jijiyar wuya ko ta matsematsi, jini ya fita ta wani siririn tiyo, ya bi ta matata a jikin na'ura, a cire dattin da ruwan da ya taru, ya dawo ta wani tiyon. Awa huɗu yana kwance. Ƙa'ida sau uku a mako. A lokacin zama ɗaya yana kai wa naira 50,000. Ku lissafa da kanku: 150,000 a mako, 600,000 a wata, a shekarar da aka yi ta shelar an mai da mafi ƙarancin albashi 70,000. Ni malamin firamare ne. Kuma wannan kuɗin na'ura ne kawai. Kafin a ɗora shi sai an gwada jininsa ko akwai ciwon hanta ko ƙanjamau. Robar wuyan kuɗinta daban. Ga allurar ƙarin jini, domin ashe ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa jiki ya ƙera jini, in ta mutu mutum ya yi ta ɗashewa. In jinin ya yi ƙasa sosai sai an ƙara masa ledar jini, nan kam samarin unguwarmu sun yi mana halacci, Allah ya saka musu. Ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuma wanda aka sauke daga na'ura ba ya iya cunkoson motar haya, sai shata.

Shi ya sa muka je wa Baffa da maganar gonar Kadawa. Kun san tun rasuwar mahaifinmu ba a raba ta ba, tana hannunsa a matsayin babba. Amma wa yake nomanta? Wa yake kwana a bakin kwata yana jiran ruwan Tiga, wa yake kai tumatir Kwanar Gafan da asuba? Yaya ne. Ban ce a sayar duka ba, na ce a yanki kason Yaya, ko a ba da jingina. Baffa ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗana, likitan da kansa ya ce ba warkewa. Ba a sayar da gona a sayi kwana." Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce, "Baffa, ai kowa ma kwanan yake saye, har mai cin tuwo." Ya ce ba shi zan karanta wa boko ba.

To, sai muka sayar da abin da ke hannunmu. Shanun Inna biyu suka tafi, babur ɗina ya bi su, matar Yaya ta fitar da keken ɗinkinta da kwanukan jerenta ba tare da kowa ya tambaye ta ba. Matar nan, duk abin da dangi suka faɗa a kanta daga baya, ni shaida ne. Muka fara da sau biyu a mako, muka koma sau ɗaya, daga nan sai in ya galabaita. Galabaitar kuwa ba ta da kyan gani. Ruwa ya taru a ƙirji, ba ya iya kwanciya, a zaune yake kwana an tokare shi da matasai. An auna masa ruwan da zai sha a yini, cikin zafin bazarar Kano, sai dai ya tsotsi ƙanƙara. Babu gishiri, babu magi, babu kanwa, an hana shi ayaba, an ce ya rage tumatir. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gonar tumatir.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne marar kuɗi ya fi mai kuɗi kashewa a ciwon nan. Tun farko an ce a yi masa ƙaramin aiki a hannu, a haɗa jijiyoyi biyu, bayan makonni shida ko fiye wurin ya nuna a riƙa sa allura nan, a huta da robar wuya mai jawo ƙwayoyin cuta. Kuɗin aikin a dunƙule ake bayarwa, mu kuma ba mu taɓa riƙe dunƙulallen kuɗi ba. Robar ta ruɓa masa wuya, zazzaɓi ya kama shi, muka biya kuɗin gado da na allurai da na sabuwar roba. Kadada guda ta gonar nan da ta ɗauke wannan duka. Amma ba a sayar da gona.

Akwai wata hanyar da wani likita ya ba ni labari, wankin ta ciki: a sa roba a tumbi, mutum ya riƙa zuba wani ruwa yana zubarwa kamar sau huɗu a yini a ɗakinsa. Ruwan daga waje ake shigo da shi, samunsa wuya, kuma yana son ɗaki mai tsafta ƙal. Na tuna ɗakin Yaya da ƙurar hunturu, ban ƙara tambaya ba. Dashen ƙoda kuma, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana yinsa tun 2002, ba sai an je Indiya ba. Na je aka duba rukunin jinina, ya yi daidai da nasa. Da na gaya masa sai ya ce, "Kai da ƙananan yara? Bar ƙodarka." Ko da ya yarda, maganar miliyoyi ce, sannan magani har ƙarshen rai don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙodar.

Ba zan ce Baffa bai san komai ba. A bencin jira na zauna da mutanen Haɗeja da Gashuwa, inda ciwon nan ya yi katutu, akwai dattijon da ya sayar da gida da gona, ya rasa ɗan, ya koma haya. Na gani. Sai dai kwanan da Baffa ya raina, a cikinsu Yaya ya aurar da 'yarsa ta fari, shi ya karɓi sadakin da hannunsa. A cikinsu aka haifa masa namiji bayan mata huɗu, ya yi masa huɗuba. Wannan ne ba a saye?

Kuma bari in tsallake gaba, don ba zan iya jira ba. Yaya bai cika shekara da rasuwa ba Baffa ya yanki gefen gonar nan ta bakin kwata, mafi kyawunta, ya sayar ya yi wa autansa lefe da gini. A shekarar 2025 na ji a rediyo gwamnatin tarayya ta sauke kuɗin wankin daga 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, har da na Azare. Na ɗauki alli na lissafa a bayan ƙofar aji abin da shanun Inna kaɗai za su yi a wannan farashin, yara suna kallona.

Ranar sadakar uku Baffa ne ya fi kowa kuka, mutane suna ba shi haƙuri. Goggo ta ja ni gefe ta ce in bar maganar, zumunci ya fi ƙasa. Na bari, har sai da na ga an kafa turakun awo a gonar. Mako mai zuwa zan faɗi yadda muka ƙare a gaban dagaci, da abin da Inna ta ce da Baffa wanda ba ta taɓa faɗa ba tun da aka kawo ta gidan.