Tarihin Rayuwata a Fagen Gudu, Kashi na 7: Ɗamara Mai Gumin Mutum Uku

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda na wuce alamar kilomita 30 a gudun fanfalakina na farko, ina ɗaga wa 'yan kallo hannu, ina ganin abin da ya rage wasa ne. Bari in ƙarasa wannan a gurguje, don inda nake so mu daɗe yau wani wuri ne daban.

Abin da ya rage ba wasa ba ne. Kafin in kai kilomita 33 ƙafafuna suka yi nauyi lokaci guda, kamar an ɗaura wa kowace turmi. Ba haki nake yi ba, numfashina lafiya lau, ƙarfin ne kawai ya tafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jiki na ajiye sukari a hanta da tsoka wanda bai wuce na kalori 2,000 ko kusa da haka ba, mai nauyin kilo 70 kuma yana ƙona kusan kalori 70 a kowace kilomita. In ka yi lissafi za ka ga inda ajiyar take ƙarewa. Daga nan jiki ya koma kan kitse, shi kuwa kitse a hankali yake ci, ba ya biyan bukatar mai sauri. Shi ya sa tsofaffin 'yan gudu ke cewa rabin fanfalaki a kilomita 30 yake, ba a 21 ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne alamar kilomita 40. Ka gan ta, zuciya ta ce an gama, alhali da sauran kilomita 2 da mita 195. A gasar Olamfik ta farko ta zamani, a Atina a 1896, kusan kilomita 40 aka yi. A Landan a 1908 ne aka shata hanya daga fadar Windsor zuwa filin wasa na White City, tsawon ya kama kilomita 42 da mita 195, a 1921 kuma aka tsayar da shi ya zama ƙa'ida. A wannan tseren na 1908 ɗan Italiya Dorando Pietri ya shigo fili shi ne kan gaba, ya yi ta faɗuwa ana ɗaga shi, har aka tallafa masa ya tsallake layi, aka kuma soke nasararsa saboda tallafin. Duk lokacin da na iso alamar 40 sai na tuna da shi, in ji ni da shi abokan kuka ne.

Na gama a awa biyar da ɗoriya. Gwanin gudu ɗan Kenya Eliud Kipchoge ya yi wannan nisan a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019, wato da tare muka tashi, da ya gama ya yi wanka ya yi barcin rana kafin in ɓullo. An rataya mini lambar yabo, farcen yatsuna biyu suka yi baƙi, na yi kwanaki ina sauka daga bene da baya-baya. Amma ga abin da na riƙe daga ranar: daga kilomita 35 na yi tafiya, na yi sassarfa, na sake yin tafiya, ba wanda ya ce mini don me. Gudun na kaina ne. In na ga dama in zauna bakin hanya in cire takalmi, ba wanda zai yi asarar komai.

Bayan 'yan watanni, wata Asabar bayan atisaye, dattijon da muke kira Baba ya tare ni. Ya haura sittin a lokacin, siriri, ba ya sauri kuma ba ya tsayawa.

"Ɗana, ƙafar ta warke?"

"Ta warke, Baba, alhamdu lillahi."

"To ina da aiki. Akwai gudun ba-ni-in-ba-ka, mutum shida, nisan fanfalaki ɗaya. Mu biyar ne. Kai ne na shida."

Na ce ai wanda ya yi 42 shi kaɗai, me zai dame shi da 10? Baba ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Allah ya kai mu."

Yadda ake raba shi ke nan: na farko kilomita 5, na biyu 10, na uku 5, na huɗu 10, na biyar 5, na ƙarshe 7 da mita 195. Ba sanda ake miƙawa ba irin ta masu gudun fili, ɗamara ce ta ƙyalle da ake ratayawa daga kafaɗa zuwa ƙugu. Tsarin daga Japan ya fito, inda suke kiransa ekiden. Na farkonsa an yi shi a 1917, daga Kiyoto zuwa Tokiyo, kilomita 508, dare da rana har kwana uku. Wanda ya fi shahara a yau shi ne na Hakone, da aka fara a 1920, ake kuma yinsa ranakun 2 da 3 ga Janairu: ɗaliban jami'o'i, mutum goma a kowace ƙungiya, biyar su kai ɗamara daga Tokiyo zuwa duwatsun Hakone, washegari biyar su dawo da ita, sama da kilomita 217. Miliyoyin mutane ne ke zaune gaban talabijin suna kallon yaran da ba a biyansu albashi.

Ƙungiyarmu dai ba ta kama ƙafar waɗannan ba. Ƙanena ne ya buɗe. Wani ɗalibi mai dogayen ƙafafu ya karɓi kilomita 10 ta farko. Ta uku wata ma'aikaciyar jinya ce da muke kira Anti, wadda ta fito daga aikin dare ta zo kai tsaye. Ni ne na huɗu. Ta biyar yarinya ce 'yar wan Baba, wannan ne tserenta na farko a duniya. Baba ya ajiye wa kansa na ƙarshe.

Ba wanda ya gaya mini cewa jira ya fi gudun wuya. A fanfalaki kowa tare yake tashi, an busa an wuce. A nan kana tsaye a wurin musaya, ka ɗumama jiki ya huce, ka sake ɗumamawa, kana leƙen hanya, ana kiran lambobin wasu suna fita ɗaya bayan ɗaya, wurin yana raguwa. Ba ka san ko naka ya faɗi ba, ko jijiya ta ɗaure masa. Ba abin da za ka iya yi masa. Mutumin da ke kusa da ni sai duba agogo yake yi yana tsaki, har na matsa daga gefensa.

Sai ga Anti. Tun daga nesa ta cire ɗamarar ta naɗe a hannu, ta miƙo ta da hannu biyu, fuskarta ta canza, bakinta a buɗe. "Yaya, karɓi, karɓi!" Abin da ta iya faɗa ke nan. Na karɓa, na ji ta sharkaf. Gumin ƙanena, da na ɗalibin nan, da na matar da ba ta runtsa ba tun jiya. Da a wani wuri aka miƙo mini ƙyalle haka, da ɗan yatsa biyu zan riƙe shi. Na rataya, na cusa bakinta a wando kada ta yi ta kaɗawa, na fita.

Kilomita 10 ba ta da bango irin na fanfalaki, wato ƙarewar ƙarfin nan lokaci guda, sukarin jiki ya ishe ta har da saura. Wahalarta daban ce: tun daga farko kana gudu a bakin iyakar numfashinka, kuma haka za ka zauna. Wajen kilomita 7 kwiɓina na dama ya soke, irin sukar da ke sa mutum ya dafe ciki ya karkace. Muryar nan da na sani tun ranar fanfalaki ta dawo: ɗan taka kaɗan mana, minti ɗaya kawai. A wancan karon da ta yi magana na ce to. A wannan karon sai na ga ba ni da ikon amsa mata, don mintin ba nawa ba ne. Anti ce ta samo shi da ƙyar, yarinyar da ke gaba kuma ita za ta biya shi. Na danna wurin da yatsu, na riƙa fitar da numfashi da ƙarfi, na rage kaɗan, amma ban taka ba. Ban taɓa gudun kilomita 10 da saurin da na yi ran nan ba, kuma ban ƙara yinsa ni kaɗai ba har yau, duk da na nema.

Yarinyar na hango tana tsalle a wuri ɗaya, ta ɗaga hannu tana kiran "Kawu! Kawu!" Na miƙa mata, na ce Allah ya taimaka, ko dai na yi niyyar faɗa, don ban tabbata sauti ya fita ba. Na zube a kan ciyawa.

A Hakone akwai wata ƙa'ida mai zafi. Saboda ba za a rufe tituna har abada ba, a ranar dawowa in wadda ke kan gaba a tseren ta tsere wa ƙungiya da minti 20, sai a sallami mai jiranta da wata ɗamara ta aro, ba tare da tasu ta iso ba. Akan nuna yaro ya shigo wurin musaya da ɗamara a hannu, ya tarar ba kowa, abokinsa ya tafi da daƙiƙa kaɗan, ya faɗi yana kuka. Ba a kore su daga tseren ba, lokacinsu ma ana ci gaba da lissafa shi. Ɗamarar ce kawai ba ta kai ba. Ina kwance a ciyawar nan ban ga abin mamaki a kukan ba ko kaɗan.

Ko a gudun fili haka abin yake. A Olamfik ta Riyo a 2016, 'yan Japan huɗu suka zo na biyu a mita 100 sau huɗu, bayan Jamaika ta Usain Bolt, alhali a lokacin babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa yin mita 100 ƙasa da daƙiƙa 10. Miƙa sandar suka ƙware a kai.

Baba ya shigo da ɗamararmu a tsakiyar jerin ƙungiyoyi, ba gaba ba, ba baya ba. Muka shiga bayansa mu biyar muka tsallake layi tare. Da ya huce ya ce da ni, "Ɗana, yaya goman?" Na ce, "Baba, ta fi arba'in da biyun." Ya ce ai ya sani.

Daga nan ƙungiyar ba ta watse ba, kuma ita ta ja ni cikin tseren nishaɗi, waɗanda ba a damu da agogo a cikinsu ba. Ra'ayina a kansu rabe yake. Na kala, wanda ake watsa wa mutane garin launi a kowace kilomita, na yi shi saboda 'yata ta matsa. Kilomita 5 ce, ba na ɗaya ba na ƙarshe, rabin mutanen hoto suka zo ɗauka, na kwana ina kakin shuɗi da kore. Ba zan koma ba. Amma a nan 'yata ta fara gudu, kuma ba ta daina ba, don haka ba zan zage shi da yawa ba. Masu sa kayan ban dariya kuwa ina girmama su fiye da yadda mutane ke zato, don na san abin da zafi ke yi wa mai riga ɗaya ma. A 2002 wani Bature, Lloyd Scott, ya yi fanfalakin Landan cikin tsofaffin kayan masu nutso a teku, da hular ƙarfe da takalman dalma, don tara kuɗin taimako. Kwana biyar da awa takwas ya ɗauka. Akwai kuma wanda nake burin gani da idona, a wani ƙaramin gari na Wales mai suna Llanwrtyd Wells, inda tun 1980 mutane ke tsere da dawakai a kan tuddai, sama da kilomita 30. Doki ne ya riƙa ci kowace shekara har zuwa 2004, lokacin da wani mai suna Huw Lobb ya zama mutum na farko da ya riga dokin farko isowa.

Wanda ya kama ni da gaske shi ne Wings for Life, da aka fara a 2014 don tara kuɗin binciken raunin laka. Shi ba shi da layin ƙarshe. Duk duniya lokaci ɗaya ake tashi, wasu da rana wasu da tsakar dare. Bayan rabin awa sai mota ta taso daga baya, tana ƙara gudu sannu a hankali, duk wanda ta wuce nasa tseren ya ƙare a nan. Wanda ba ya kusa da inda ake taron yakan sa manhaja a waya, motar ta bi shi ta cikin kunne.

Anti ce ta kawo maganar, ta yi mana rajista mu shida kafin kowa ya ce uffan. Baba ya sa ta sake yi masa bayani, ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato komai ƙoƙarin mutum sai ta kama shi?" Ta ce, "Sai ta kama shi, Baba." Ya ce, "To ni ku bar ni da ita. Amma ku rubuta, ba ni za ta fara kamawa a cikinmu ba." Ya faɗi haka yana kallona.

Wanda ta fara kamawa, da kilomitar da abin ya faru, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.