Awon hawan jini a caji ofis: yadda muka nemo kuɗin kula da damuwar 'yan sandanmu

Ni ma'aikacin lafiya ne da ya yi ritaya, kuma ina cikin kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a na garinmu, wani garin manoma a Jigawa da titin kwalta ya raba biyu. Aikin da aka san kwamitin da shi bai wuce sulhu tsakanin manomi da makiyayi ba, sai karo-karon sayen taya idan motar sintiri ta kwanta. Maganar lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan sanda ba ta taɓa shiga ajandarmu ba sai bayan gobarar tankar man fetur ta Majiya, a ƙaramar hukumar Taura, cikin watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150. Kowa ya yi jimamin mamatan, kuma haka ya kamata. Ni dai hankalina ya tsaya a kan waɗanda suka kwashe gawarwakin suka kuma koma bakin aiki washegari.

Namu 'yan sandan ba su ga irin wannan ba, amma suna da nasu. Haɗarin mota a kan titin nan, su ake fara kira. Yaro ya nitse a kududdufi da damina, su. Rikicin gona da kaka, wanda wani lokaci sai an ɗauki mutum a amalanke, su. Wani saje da muke shan shayi tare ya taɓa ce mini, "Baba likita, ni fa barcina bai kai na kaza ba. Da na rufe ido sai in ji ƙaurin nan." Ya faɗa yana dariya, ya kuma nemi in rubuta masa ƙwayar barci.

Da na fara tambayar inda ake samun kuɗin kula da damuwar 'yan sanda, ɗana ya bincika mini a intanet. A Amurka akwai doka ta musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwa da walwalar jami'an tsaro, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2018, kuma wani ofishi a ƙarƙashin ma'aikatar shari'arsu mai suna COPS ne ke raba tallafin. Rundunar gari ko ta gunduma takan rubuta takarda ta nema, kuma cikin abubuwan da suka fi ba wa ƙarfi har da horar da ɗan sanda ya zama mai sauraron ɗan uwansa. Mu a nan muna da Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da aka kafa da dokar 2019, wanda aikinsa ya haɗa da horo da kayan aiki da walwala, sai dai kuɗinsa daga sama yake saukowa ta hannun rundunar, ba taga ba ce da kwamitin ƙauye zai je ya miƙa takarda. Akwai kuma dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ita ba ta ba mu ko kwabo ba, amma ta ba mu abin kafa hujja a shafin farko na takardarmu.

Saboda haka ƙofar da ta rage mana ita ce ta kusa, wato sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Difi'o ya amince, ya rubuta wa na gaba da shi, domin ɗan sanda ba ya motsi sai da izini. Mu kuma muka rubuta tamu takardar. Wani tsohon ma'aji da ya san cikin gidan ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Malam, duk inda ka rubuta taɓin hankali ka goge. Ba wanda zai sa hannu a takardar da ke cewa masu riƙe da bindiga a garinsa suna da taɓin hankali." Muka mayar da ita "duba lafiyar jami'ai da iyalansu, haɗe da shawarwari kan barci da damuwa". Abin da aka amince da shi bai kai rabin abin da muka nema ba, kuma sai da aka sha zirga-zirga kafin ya fito.

Kuɗin na shigowa aka fara ba mu shawarar da na san za a bayar: a kama ɗakin taro, a buga ƙyalle, a gayyato manya, a raba abinci da kuɗin zama. Na halarci irin wannan bita iya shekarun aikina, na san abin da ake tashi da shi. Ba kurtun da zai miƙe gaban ogansa ya ce yana firgita cikin dare. Na ƙi, kuma ba kowa ne ya ji daɗi ba.

Abin da muka yi shi ne muka sayi na'urar awon hawan jini da ta awon suga, muka rataya labule a wani ɗan ɗaki da ke bayan caji ofis inda ake jibge tsofaffin fayiloli, muka ce duk ranar Laraba bayan fareti kowa zai zo a auna shi. Kowa, har da Difi'o, kuma shi ya fara naɗe hannun riga. Wannan ita ce dabarar da ta riƙe aikin gaba ɗaya. Hawan jini ba abin kunya ba ne, mutum har alfahari yake yi da shi a majalisa. Idan an ɗaura masa abin awon a dantse, dole ya zauna shiru na 'yan mintuna, kuma a nan ne jami'ar lafiyar da ke taimaka mini, ko ni, za mu tambaya: yaya barci? Yaya cin abinci? Ana yawan faɗa a gida? Me kake sha don ka iya tsayuwar dare? Tambayar ƙarshen nan ita ke buɗe baki. Wani goro ne da shayi mai kauri, wani kuma sai ya sunkuyar da kai ya ambaci tiramol.

Matsalar da ta fi cin raina ta fito ne daga wajen masu kuɗin. Kuɗin gwamnati sai an yi bayaninsa: rasit, hoto, da jerin sunayen waɗanda suka amfana, kowa da sa hannunsa. Ban ga laifinsu ba, ai da haka ake kama ɓarayi. To amma ɗan sanda ya fi tsoron takarda fiye da ɗan fashi. A ransa, duk abin da aka rubuta zai ƙare ne a fayil ɗinsa, a karɓe masa bindiga, a tsallake shi wajen ƙarin girma, abokan aiki su laƙaba masa suna. Akwai ma abin da ya fi wannan: a dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka na Arewa, yunƙurin kashe kai laifi ne, kuma ba wanda ya fi ɗan sanda sanin haka. Mutumin da aikinsa ne kama mai wannan laifin, ta yaya zai faɗa maka ya taɓa tunaninsa alhali kana riƙe da biro?

Muka raba littafin biyu. Na farko na awon jini da suga, kowa ya sa hannu, shi ake kai wa ofis da hotuna. Na biyu babu suna, babu lamba, babu muƙami, sai adadi kawai: mutum nawa suka yi kukan rashin barci a wannan wata, nawa aka tura asibiti. Wani akawu ya nace sai ya ga sunayen na biyun. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, in ka ga sunan mutum ɗaya, Laraba mai zuwa labule kaɗai za mu tarar." Sai da shugaban sashen ya sa baki aka bar maganar.

Ni ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, kuma ban yarda na yi kamar shi ba. Abin da nake da shi horo ne irin na mhGAP, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008 don ƙananan ma'aikatan lafiya su iya gane ciwon damuwa da makamantansa su san lokacin turawa gaba. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, babu wata hanyar. Wanda abinsa ya fi ƙarfinmu sai asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko na Dawanau a Kano, ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. A nan na ga inda kuɗin ya fi amfani: kuɗin mota. Kofur mai mata da 'ya'ya, ga kuɗin makaranta, ba zai ciri kuɗin zuwa Kano da dawowa daga albashinsa don ganin likita ba, balle a ce ya koma bayan wata guda. Mun kuma roƙi Difi'o ya riƙa ba da izinin tafiya da sunan "ganin likita" kawai, ba tare da tambayar wane likita ba.

Matan bariki sun riga mu sanin komai. Su ke ganin wanda ke zabura cikin dare, da wanda ya daina wasa da yara. Da muka ware musu rana tasu, wata ta ce wa jami'armu, "Anti, ni ba duka nake tsoro ba, shirunsa nake tsoro." Limamin masallacin bariki ma mun jawo shi, da faston da ke zuwa wa jami'an da aka turo daga kudu, domin yawanci wajensu ake fara zuwa. Ba mu ce kowa ya bar addu'a ko ruƙiyya ba. Mun dai roƙe su, in sun ga mutum ya yi makonni ba barci, ko yana maganar mutuwa, su haɗa mu da shi a ranar.

Mun ɗauko wancan tsari na Amurka, muka zaɓi jami'ai biyu da 'yan uwansu ke sakin jiki da su, aka koya musu sauraro da riƙe sirri. Kafin shekara ta zagayo sigina ta zo, an yi wa ɗaya canjin wurin aiki, kuma shi ne wanda aka fi zuwa wajensa. A takardar da muka sake shigarwa bana, mun nemi a horar da ma'aikatan asibitin garin guda biyu, tunda su ba a cika ɗaga su ba, mun ninka kason kuɗin mota, mun kuma rubuta tun a shafin farko cewa littafi na biyu ba zai ɗauki suna ba, don duk wanda zai sa hannu ya san da haka kafin ya sa.