Talata: Grimm, takardar bincike da maganar Anti

Yau dai na zauna da takardar binciken nan ta tatsuniyoyi da gaske, tunda Dakta ya dawo min da taken farko wai ya yi faɗi, sai ka ce littafi zan wallafa. To na matse shi: yadda 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, suka riƙa gyara tatsuniyoyinsu daga bugun farko na 1812 har na bakwai a 1857. Zee ta raka ni laburare wai ita ma karatu za ta yi, ko shafi ba ta juya ba barci ya kwashe ta.

Aikin ya yi min daɗi fa da safe. Na jera tsohon bugu da sabo a kwamfuta ina bi layi-layi, sai ga abin da ya sa na kusa yin ihu a laburare: ashe a bugun 1812 sarauniyar da ta sa a kashe Snow White uwarta ce ta cikinta, ita ta haife ta! Sai a 1819 aka mayar da ita matar uba. Hansel da Gretel ma haka, uwarsu mahaifiya ce ta ba da shawarar a kai su daji a yar saboda yunwa, sai a bugun 1840 ta koma matar uba. Wilhelm ne yawanci mai gyare-gyaren, ganin littafin ya fara shiga hannun yara ya riƙa share duk abin da zai ɓata sunan uwa, har maganar da ta tona cewa Rapunzel ta yi ciki ya goge.

Da rana Anti, matar Abba, ta kira tana tambaya ko saƙon Abba ya shigo, ni kuma da zumuɗina na kwashe labarin nan kaf na zuba mata, ina dariya ina cewa Anti kin ga ashe sharri aka yi muku. Ta yi dariya ita ma, sannan ta ce, "Ai 'yar nan ba sai Bature ya gyara komai ba, mu tun kafin mu shigo gida an gama rubuta namu labarin." Shi ke nan ta wuce zancen Khalifa da zazzaɓinsa, muka yi sallama.

Wallahi tun lokacin maganar ta tsaya min a rai. Matar nan tun ina firamare take ɗawainiya da ni, ita ke zuwa makaranta in an kira iyaye, ita ta kwana a kaina lokacin da aka kwantar da ni, amma ko sau ɗaya ban taɓa tunanin yadda take ji in ana tatsuniyar muguwar matar uba a gabanta ba, mu kuma yara muna ta jin daɗi in an zo wurin da za a hukunta ta. Kuma yadda ta faɗa ɗin ne ya fi damuna, ba fushi ba ƙorafi, alamar abu ne da ta daɗe da sani ta ajiye.

Na koma kan littattafai ko zan samu mafita, ba su taimaka sosai ba. Bruno Bettelheim, wani mai nazarin halayyar yara, a 1976 ya ce wai yaro ne ke raba uwarsa gida biyu a zuciya, ta kirki da muguwa, sai ya ɗora muguntar a kan matar uba don kar ya tsani tasa. Marubuciya Marina Warner kuma ta kawo tarihi: mata da yawa na rasuwa wurin haihuwa a da, maza na sake aure, ga rigimar gado tsakanin 'ya'ya. Ta Warner ta fi kwanta min, ta Bettelheim kam kamar ya manta matar uba ma mutum ce mai kunne. Kuma ba zan iya ɗora wa Grimm laifin duka ba, don Cinderella ta Charles Perrault ta Faransa a 1697 da matar ubanta ta zo, Ye Xian ta ƙasar Sin ma tun ƙarni na 9 haka take. Kenan gaskiyar Anti ce, kuma ta ɗan rusa min hujjar da na so in gina takardar a kai.

Yamma ruwan sama. Intanet ya ɗauke, Zee ta farka tana tambaya ko na gama.

Gobe zan tare Dakta bayan lakca in ji ko zai bari in sake juya taken zuwa kan matar uba kawai, na san sai ya yi ƙorafi, ga gabatarwa ko layi ɗaya ban rubuta ba.