Kanwa, toka da gishiri a kan teburin malamin kemistiri

Duk shekara 'yan aji huɗu suna iso gare ni da sunayen sinadarai ashirin na farko a bakinsu. Haidurojin, hiliyam, litiyam, beriliyam, boron, haka za su jero su har kalsiyam ba tuntuɓe. Sai in nuna jadawalin sinadarai da ke manne a bango, in ce, "To, me ya sa sodiyam ya zauna a ƙarƙashin litiyam, bai zauna kusa da kulorin ba?" Nan take aji zai yi tsit.

Wannan shirun ya daɗe yana damuna. Ba na raina hadda, ni ma a makarantar allo na fara, kuma na san abin da ta yi mini. Amma jadawalin nan taswira ce, mazaunin kowane sinadari yana gaya maka halinsa. Yarinyar da ta haddace sunaye ba ta iya karanta mazauni ba, in tambayar WAEC ta ɗan karkace, sai ta tsaya cak.

Shi ya sa yanzu nake sauke jadawalin daga bango a makon farko. Na yanyanka kwalin indomi gida ashirin, kowane kati na rubuta masa alamar sinadari, da lambarsa, da yadda ilektaron ɗinsa, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye tsakiyar ƙwayar zarrarsa, suka jeru zagaye-zagaye: litiyam 2,1, sodiyam 2,8,1, kulorin 2,8,7. Sai in zube su a ƙasa, in ce su jera daga ƙarami zuwa babba, duk inda zagaye ya cika a fara sabon sahu. Ba a minti ashirin wata za ta ɗaga murya, "Malam, duk masu ƙarewa da ɗaya sun faɗo layi guda!" Nan nake gaya musu cewa waɗannan 'yan gida ɗaya ne, halinsu ɗaya in ban da haidurojin.

Akwai katin da nake ɓoyewa a aljihu, mai lamba 12. Bara wata ɗaliba, wadda ko gaisuwa da ƙyar ake jin muryarta, ta tsuguna ta daɗe tana kallon gurbin. Can ta ce, "Malam, wanda ya ɓata 2,8,2 ne. Ɗan gidan su kalsiyam ne, kuma ilektaron biyu zai bayar." Ba ta san magniziyam take siffantawa ba. Na ce mata abin da ta yi yanzu shi ne abin da Dmitri Mendeleev ya yi a Rasha a 1869. Sinadarai 63 aka sani a lokacin, ya jera su bisa nauyi, ya bar gurabe, ya faɗi halin waɗanda za su zo su cike su. A 1875 aka gano galiyam a Faransa, a 1886 aka gano jamaniyam a Jamus, kuma duk sun zo kusan yadda ya faɗa. Jerawa bisa lamba, wadda muke yi yau da sinadarai 118, sai bayan binciken Henry Moseley a 1913 ta tabbata.

Mako na biyu kuwa daga madafin gidana nake zuwa da kayan aiki: gishiri, da jar kanwa, da toka a ƙullin leda. Ɗakin gwajinmu ba shi da sodiyam, sai dai in nuna musu a waya yadda ɗan gutsurensa yake tsalle yana kama wuta a kan ruwa. Kulorin kuma iska ce mai guba, har an yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma sodiyam yana da ilektaron guda da yake neman rabuwa da shi, kulorin yana neman guda ya cika takwas. Wannan ya miƙa, wancan ya karɓa, sai ga gishirin da muke zubawa a miya.

Inda na fi jin daɗi shi ne wajen kanwa da toka. Yara suna yawan tambaya me ya sa alamar sodiyam Na ce, ta fotasiyam kuma K. Alamar Na daga natiriyam take, sunan da aka samo daga natron, wato dangin kanwar nan da fatake suka daɗe suna kawowa daga yankin Tafkin Chadi. K kuma daga kaliyam, asalinsa kalmar Larabci ce ta tokar tsirrai. Sai in tambaye su, "In kanwa ta yanke wa kakarku, me take yi?" Su amsa baki ɗaya cewa ruwan toka take tacewa. Sodiyam ne a kanwa, fotasiyam ne a toka, 11 da 19, ɗaya a saman ɗaya a gida na farko. Wata ta ce ashe K ɗin da ke jikin buhun takin NPK na babanta shi ne wannan, ta kuma yi alkawarin kawo mana buhun.

Mako mai zuwa za mu shiga tsakiyar jadawalin. Na riga na ari guntun tagulla da tsohon zoben azurfa wajen wani maƙerin fari a unguwarmu. Tagulla 29, azurfa 47, zinare 79, duk a gida na 11 suke. Ba zan faɗa musu ba, zan dai ajiye katunan a ƙasa in koma gefe.